Ƙofar Bayan Sito

Da faɗa suka fara, kuma duk wanda ya san Saudatu 'yar Alhaji Sanda ba zai yi mamakin haka ba.

A Minna ne, shekarar da aka gama yaƙin basasa, damina na shirin ɗaukewa. Ta ɗauko wa mahaifinta abincin rana zuwa sabon siton da yake ginawa a bakin layin dogo, kwanuka a ka, tana sauri don rana ta take. Ta zagayo ta bayan ginin don yanke hanya, ba ta ga igiyar awon da aka miƙe daga bango zuwa bakin turba ba. Ƙafa ta harɗe. Tuwon shinkafa ya yi nasa wuri, kwanon miya ya daki bango, manja ya gangaro a jikin sabon siminti.

Wanda ke riƙe da igiyar wani dogon saurayi ne baƙi, da fensir a bayan kunne. Ya taho da gudu yana ba da haƙuri, amma ina. Saudatu ta miƙe ta wanke shi tas. Ta tambaye shi ko turbar gadon gidansu ce, ko kuwa tarkon mutane aka ɗauke shi aiki ya riƙa ɗanawa. Ya tsaya yana kallonta kamar wanda aka dasa, har ta gaji don kanta. Sannan ya buɗe baki, kuma maimakon ya ƙara ba da haƙuri sai ya ce:

"Don Allah ɗan matsa kaɗan. Kin tsaya daidai inda ƙofa za ta kasance."

Ta waiga. Bango ne ƙiƙam, ba ƙofa ba alamarta, sai miyar babanta. Ta ce lalle yau ta gamu da mahaukaci mai fensir, ta kwashi kwanukanta ta wuce. Sai da ta sha kwana ta lura bakinta na son yin dariya, abin ya ƙara ba ta haushi.

Sunansa Ndagi, Banufe ne, mahaifinsa mai gyaran famfo ne a reluwe kafin Allah ya yi masa rasuwa. Kawunsa Jiya ne ya riƙe shi, ya tura shi makarantar koyon sana'a a Kaduna don ya gaji uban. A can ya fara da yankan bututu da haɗa shi, har wani malami ya ga yadda hannunsa ke tafiya a takarda ya mayar da shi ɗakin zane. Da ya gama ya yi 'yan shekaru ƙarƙashin wani injiniya mai tsara wa masaƙu kariyar gobara. Nan ya koyi inda ake ɗora tankin ruwa, da yadda ake jan bututu a rufi da ƙananan kawuna masu fashewa su yi yayyafi in zafi ya yi yawa, da inda mesa za ta rataya, da faɗin ƙofa gwargwadon yawan mutanen da ke ciki.

Mutanen Minna ba su san inda za su ajiye wannan sana'a ba. Kowa ɗan kwana-kwana yake ce masa. Ya yi bayani har ya gaji, cewa 'yan kwana-kwana sai wuta ta tashi suke zuwa, shi kuwa nasa aikin yana ƙarewa tun ba a ƙyasta ashana ba. Sai su gyaɗa kai, gobe su sake kiransa ɗan kwana-kwana.

Abin da ya kawo shi siton Alhaji Sanda kuwa, masu ba da izinin sayen gyaɗa da auduga sun ce ba za su yarda da sito ba sai mai wannan sana'a ya duba ya sa hannu, kuma a duk garin shi kaɗai ne.

Washegari wata dattijuwa ta yi sallama a gidan Alhaji da sabon kwanon miya a ƙunshe. Maman Irimiya ke nan, 'yar Gbagyi, shugabar matan da ke yi wa Alhaji ɓarzar gyaɗa da tsintar auduga tun Saudatu na goye. A cikin kwanon akwai guntuwar takardar zane, an rubuta:

"Ga kwano. Miyar ce ban san yadda zan biya ba. Ban taɓa ganin wutar da na tsaya kallo ban nemi ruwa ba sai jiya. Ndagi."

Saudatu ta ja tsaki, ta ce wannan ba shi da kunya. Ta juya takardar ta rubuta:

"Mai Igiya, kwanonka ya fi nawa ƙanƙanta. Ka zo da kanka ka ga bambancin."

Ya zo kuwa, bayan la'asar, ya tsaya a ƙofar gida yana murza hula. Daga ranar ya zama kullum. Shi yana ce mata Garwashi, ita tana ce masa Mai Igiya. Ita ce mai surutu, shi mai saurare, sai in an taɓo aikinsa, nan fa ba ya jin kira. Ya zana mata a ƙasa da tsinke yadda hayaƙi ke tafiya a cikin ɗaki, ta sa ƙafa ta goge ta ce ita zance aka zo yi da ita ba darasi ba. Wata rana ta tambaye shi me ya gani a jikin mafaɗaciya irinta.

"Duk wanda ya yi miki laifi a take yake sani," ya ce. "Ni wutar da ke cin ƙasa-ƙasa ba a gani ita nake tsoro. Taki a fili take, Garwashi, kusa da ita nake son zama."

Ta rufe fuska da gyale, ita da ba a taɓa ganin ta ji kunyar kowa ba.

Kawu Jiya ya je wurin Alhaji da goro da magana mai daɗi. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce a bari a gama ginin. Kowa ya ɗauka magana ta kusa.

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba, Mamudu ɗan kwangilar da ya gina siton. Yana da mota fijo, yana da tumbi, ya daɗe yana aiko wa Saudatu turamen atamfa tana mayar masa. Irin mutanen nan ne da ba sa taɓa gaya wa mai kuɗi abin da ba ya son ji.

Ranar da aka yi sadakar sabon gini aka yanka rago, malamai suka yi addu'a, manyan 'yan kasuwar bakin layi suka cika tabarmi. Ana cikin cin nama Alhaji ya ce wa Ndagi ya kawo takardar ya sa hannu a gaban jama'a. Ndagi ya warware zanensa. Bokitan yashi, Alhaji ya ce ba laifi. Tankin ruwa a sama, ya yi gunaguni ya yarda. Sai Ndagi ya ɗora yatsa a bangon baya ya ce nan za a fasa ƙofa ta biyu, ita da ta gaba duka su riƙa buɗewa waje, kuma kada a sa musu kwaɗo muddin da mutum a ciki.

To, a bakin layin nan kowane mai sito abu ɗaya yake yi. Da safe mata su shiga aiki, a ja ƙofa a datse da kwaɗo ta waje, mai sito ya jefa makulli a aljihu, sai azahar a buɗe. Wai don kada gyaɗa ta bi bakin zane ta fita. Haka aka tarar, haka ake yi, ba wanda ya taɓa ganin abin a matsayin mugunta.

Alhaji ya ce ƙofa biyu ai gayyatar ɓarayi ce. Da Ndagi mai wayo ne da ya naɗe takardarsa ya bari sai an watse. Amma ba shi da wannan wayon. Ya miƙe tsaye, a cikin sabon gini, addu'a ko bushewa ba ta yi a tafin hannu ba, ya nuna kusurwa ya ce in wuta ta tashi a nan cikin auduga, hayaƙi zai cika ɗakin kafin a je kasuwa a kira mai makulli, kuma duk matan da ke ciki a bayan ƙofar nan za a tarar da su.

Wani ya ajiye naman da ya kai baki. Ba a ambaton wuta a sabon gini, yaron goye ma ya san wannan, balle a nuna mata kusurwar da za ta fara. Mamudu ya riga kowa yin a'uzubillahi, da ƙarfi yadda na waje za su ji, ya ce shi dai tun da yake gini bai taɓa ganin wanda ya zo cin rago ya yi wa mai gida fatan gobara ba.

Kafin magariba labari ya gama gari: yaron nan mugun baki gare shi, sana'arsa ke nan, ya shiga gidan mutane yana kira musu wuta.

Alhaji Sanda mutum ne mai zuciya, a wurinsa Saudatu ta gado. Ya aika aka kira Ndagi da kawunsa, ya ce shi ba zai ja magana ba.

"Ka kunyata ni a gaban mutane, ka yi mini mugun fata a dukiyata. Duk na yafe. Ka sa hannu a takardar nan yadda ginin yake, in ba ka Saudatu. In ka ƙi, kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar gidana."

Kawu Jiya ya yi ta zungurinsa da gwiwar hannu. Ndagi ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Baba, ka yi mini rai. Hannun da zan sa, cewa nake yi na duba, wanda ya shiga zai fita. Ban ga haka ba."

Aka tashi baram-baram.

Saudatu ba ta jira ya zo ba, ita ta tare shi a hanyar Barkin Sale inda yake haya, idonta jawur. Ta ce ashe duk zancen da yake mata na banza ne. Ta ce an ɗora ta a sikeli da ƙofa, ƙofar katako, kuma ƙofa ta rinjaye ta. Sitoci nawa ne a bakin layi, wanne ne ya taɓa ƙonewa? Shi ne ya fi kowa tsoron Allah a Minna? Ya sa hannu mana, in an ɗaura aure sai ya lallaɓa Baba a hankali.

Ya ce in ya sa hannu an gama, ba mai sake sauraronsa, kuma gobe wani mai siton zai ce a yi masa yadda aka yi wa Alhaji Sanda.

"Ni nake tambayarka, Ndagi," ta ce, kuma rabon da ta kira shi da sunansa tun farkon haɗuwarsu. "Ni ko ƙofa?"

"Ke nake so, Garwashi, Allah ya sani. Amma in na same ki ta wannan hanya, kullum na ji jirgi ya wuce ta gefen siton nan sai gabana ya faɗi. Ba zan iya ba."

"To ka auri ƙofar."

Ta juya ta tafi tana kuka, tana jin haushin kukan.

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya ji daɗinta a gidan. Ta fasa tulu, ta yi faɗa da mai kawo itace, keken ɗinkinta ma sai da ta karya masa allura. Da Mamudu ya faka fijonsa ya aika kiranta, ta yi kwalliya ta fita, ba don komai ba sai don labari ya kai Barkin Sale. Mamudu ya baje a kan mota yana ta cika baki, ya ce ta kwantar da hankalinta, ya samo wani a Kaduna da zai sa hannu ba sai ya tako Minna ba, tuni ma mata sun fara aiki a siton. Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Dariyar ta tsaya mata a wuya, ta ce kanta na ciwo ta koma ciki.

Labarin kuwa ya kai. Maman Irimiya ce ta zo mata da amsar, ba takarda wannan karon, da baki: Ndagi ya ɗaure akwatinsa, jirgin gobe zai bi ya koma Kaduna.

Saudatu ta ce ya tafi mana, Allah ya raka taki gona... ta kama bakinta ba ta ƙarasa ba. Sai ta huce a kan dattijuwar. Ta ce duk saboda su matan sito ne, su da ba su roƙe shi ba, shekara da shekaru ana kulle su ba abin da ya same su.

Maman Irimiya ta bar ta ta gama. Hausarta irin ta Minna ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ta ce:

"Saude, kai ka taba zauna a ciki aka kulle?"

Ba ta taɓa ba. Iyakarta bakin ƙofa da kwanon tuwo.

Da safe Alhaji ya zo datse sito, kwaɗo a hannu, ya leƙa don ya ga ko kowa ya shiga. Sai ga 'yarsa zaune a tsakiyar mata, ta ɗaure ɗankwali tamau, da faifan gyaɗa a cinya. Ya ce me take yi a nan. Ta ce aiki. Ya ce ta fito. Ta ce sai azahar, tare da kowa. Ya daka mata tsawar da ke sa leburori rawar jiki, ko gezau.

"Baba, kai ka ce Allah ne mai tsarewa. In zai tsare su, zai tsare ni. Kulle."

Masu zuciya biyu sun haɗu, kuma a gaban ma'aikata. Alhaji ya ce to ta zauna, ta ga in shi za a yi wa taurin kai. Ya ja ƙofa, ya datse, ya jefa makulli a aljihu ya nufi kasuwa yana huci.

Da ƙarar kwaɗon ta shiga kunnenta sai ta waiga ta dubi ƙofar. Duhu ya sauka. Tagogin 'yan ƙanana ne, can sama kusa da rufi, da sandunan ƙarfe. Buhunan gyaɗa sun kai kwano, auduga tuli a kusurwar nan da Ndagi ya nuna. Mata sun fi ashirin, wasu da goyo, wata da tsohon ciki. Suka ci gaba da aiki suna hira kamar ba komai.

Can aka ji jirgin kaya na tahowa. Bango ya ɗauki rawa. Sai ta ga duk hannaye sun tsaya cak. Hira ta mutu. Kowace mace ta ɗaga kai tana kallon rufi, tana shaƙar iska a hankali. Jirgi ne mai aiki da gawayin kwal, kowa ya san yadda yake watsa tartsatsi. Sai da ƙararsa ta yi nisa hannaye suka koma kan faifai.

Ta tambayi Maman Irimiya ko yau ne kawai. Dattijuwar ta ce kowane jirgi, tun a tsohon sito.

Saudatu ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, kunyar kuma ta juye ta zama fushi. Ta ji haushin babanta, ta ji na Mamudu, ta ji na duk masu sitocin bakin layi da makullansu a aljihu. Amma wadda ta fi jin haushi ita ce mai bakin da ya ce wa mutum ya auri ƙofa.

A kasuwa kuwa Alhaji ya kasa zama. Ya zauna ya tashi, ya yi wa mai ciniki faɗa ba dalili, hannunsa na komawa aljihu yana taɓa makulli. Shekara nawa yana yawo da makullin nan bai taɓa jin nauyinsa ba sai yau. Girman kai ne kawai ya hana shi komawa.

Wajen hantsi jirgin fasinja ya yi kuka ya shigo tasha. Jim kaɗan wani mai tura kura ya wuce yana cewa hayaƙi na tashi a bakin layi, wajen sababbin sitoci.

Mutanen kasuwar Minna sun daɗe suna ba da labarin gudun da Alhaji Sanda ya yi ran nan. Dattijo mai jiki, da babbar riga, ya tsallake tiren mai tumatir, hula ta faɗi bai waiga ba, takalmi ɗaya ya cire ya bar shi a nan. Ba salati yake ba, ba ihu ba, sunan 'yarsa kawai yake kira.

Busasshiyar ciyawar gefen layi ce ta kama daga tartsatsin jirgi. Tsakaninta da siton da 'yar tazara, leburorin reluwe ma sun taru suna dukanta da ganye. Amma iska ta kwaso hayaƙin ta tura shi ta 'yan tagogin nan, kuma na ciki ba su da hanyar sanin daga ina yake. Tun daga nesa Alhaji ya ji ana dukan ƙofa, mata na kururuwa, jarirai na tsala kuka.

Garin sauri makulli ya faɗi, ya ɗauka, ya sake faɗi. Da ƙyar ya buɗe kwaɗon ya tura ƙofa. Ƙofa ta ƙi. Ciki take buɗewa, kuma mata sama da ashirin sun danno ta da ƙirjinsu suna neman fita. Yana turawa suna turowa. Ya yi ta ihu su ja baya, wa zai ji shi? Ya sa kafaɗa, mutane suka taya shi, ƙofar ta ɗan motsa ta sake komawa. Ga kwaɗo a buɗe a hannunsa, ga makulli, ga shi mai sito, kuma bai iya fito da 'yarsa ba.

Sai ga Ndagi. Yana cikin jirgin ya hango inda hayaƙin yake, ya diro ya bar akwatinsa. Bai ko kalli ƙofar ba, ya san abin da ke faruwa a bayanta. Ya taka tayar wata kura ya kama sandunan taga ya ɗaga jikinsa, ya kwala kira cikin hayaƙin:

"Garwashi! Ba siton ba ne, ciyawa ce a waje! Janye su daga ƙofa!"

Allah bai ba Saudatu wannan murya a banza ba. Duk faɗan da ta yi a rayuwarta gwaji ne na wannan rana. Na waje ma sai da suka ji ta. Ta kira mata da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta finciko wannan, ta ture waccan, ta ce duk wadda ta sake taɓa ƙofar nan ita da ita ne. Tsoron Saudatu ya fi na hayaƙi. Suka ja baya, ƙofa ta buɗe, Alhaji ya faɗa ciki da gwiwoyinsa.

Ba wadda ta ƙone. Wuta ko bangon ba ta taɓa ba, kafin a gama fitowa ma an kashe ta. Tari ne kawai, da wata da aka taka wa ƙafa, da mai cikin nan da aka shimfiɗe a inuwa ana mata fifita. Saudatu ce ta fito ƙarshe, riƙe da jaririn wata.

Alhaji na zaune a ƙasa, ba hula, takalmi ɗaya, yana kallon matan da ke wucewa ta gabansa kamar yau ya fara ganinsu. Mamudu ya iso da fijonsa yana cewa ai ga shi nan, bakin yaron nan ne ya jawo, tun ranar sadaka ya faɗa. Alhaji ya ɗaga kai ya dube shi, kallo ɗaya, Mamudu ya haɗiye sauran.

Alhaji ya miƙe ya ce a ba shi babbar guduma. Ya dubi Ndagi.

"Ina ka ce ƙofar za ta kasance?"

Suka zagaya baya, jama'a na biye. Ndagi bai nemi igiyar awo ba. Tabon manja na nan a jikin siminti, ruwan sama bai wanke shi ba. Ya nuna ya ce nan, daidai inda miyar Baba ta zube. Alhaji ya tattare hannun riga ya kai wa bangonsa dukan farko da kansa, ya ƙara, ya ƙara, sai da haske ya shiga ciki sannan ya miƙa wa leburori.

Kada a ɗauka Saudatu ta huce. Ta ja Ndagi gefe, fuska duk baƙin hayaƙi, ta ce wato da tafiya zai yi ko sallama babu. Ya ce ai ita ta ce ya auri ƙofa. Ta ce in ta ce ya faɗa rijiya sai ya faɗa? Ya ce ya ji labarin fijo. Ta ce fijon banza, kanta ma ciwo ya sa ta. Sai jirgin ya yi kuka ya ja, suka tsaya suna kallo akwatinsa ya tafi Kaduna ba shi.

"Duk kayana suna ciki," ya ce.

"Ni ina nan," ta ce, a hankali yadda ba ta saba ba. "Ka yafe mini, Mai Igiya. Na zauna a ciki, na gani."

"Ban taɓa riƙe ki ba, Garwashi."

An fasa ƙofar baya, an juya ta gaba, an ɗora tanki, Ndagi ya zagaya ya duba komai sannan ya sa hannu. Masu cewa gyaɗa za ta ƙare sun zuba ido har kaka ta wuce. In ma ta ragu, ba ta kai abin da ɓera ke ci ba. Wasu masu sitocin suka ci gaba da kulle matansu, don taurin kai ba a Minna aka fara shi ba. Amma biyu sun zo da kansu neman zane, har wani mai injin casar shinkafa daga Kagara, kuma kafin shekara ta zagayo Ndagi ya ɗauki masu koyon aiki a ɗan ofishin da ya buɗe. Har yau dai wasu ɗan kwana-kwana suke ce masa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Nufawa suka zo da kiɗansu, dangin Alhaji suka zo daga Kano, matan sito suka zo da anko, Maman Irimiya a gaba tana rangaɗa guɗar da ta fi ta kowa.

Da aka kawo amarya ta yi sallama da mahaifinta, ga ango durƙushe a gefe, kowa ya zuba kunne ya ji doguwar nasiha. Alhaji kuwa bai ja magana ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro kwaɗon nan da makullinsa a jiki, ya ɗora a tafin Ndagi.

"Sau ɗaya na kulle ta, na ga abin da na gani," ya ce. "Ga ta nan na ba ka. Faɗa gare ta, a wurina ta samo. Ka riƙe ta da ƙofa a buɗe. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin tausayin mutane, ya tsare ku da abin da kuke tsare wa wasu."

Aka shafa. Saudatu na kuka a cikin mayafi, wannan karon ba ta ji haushin kukan ba. Da suka miƙe, Alhaji ya riga kowa zuwa bakin zaure, ya tura ƙofar da hannunsa, ya riƙe ta har sai da suka fita.